Yatsan Shahrom a Kan Madanni

Ni na fara gane cewa ƙanena Shahrom ya daina ji, kuma a kan gishiri na gane. Muna cin abincin rana a gidan da muka gada a Padang Rengas, a ƙasar Malesiya, ina zaune ta hagunsa, na ce ya miƙo mini gishiri. Shiru. Na sake faɗa, yana ta loma abinsa. A na uku na bugi tebur, ya ɗago a firgice.

"Kak Kiah, lafiya?" Kak yake ce mini, wato yaya.

"Lafiya lau. Gishiri nake roƙo tun ɗazu, ko sai na ɗauko lasifikar masallaci?"

Ya yi dariya ya ce hankalinsa ne ya yi nisa. Ban yarda ba. Daga ranar na shiga gwada shi ba tare da ya sani ba. In na tsaya ta damansa na ɗaga murya, ya ji. In na koma hagu, ko zaginsa na yi sai ya yi murmushi. Na zage shi kuwa, har sau biyu, don in tabbatar. Da na tsare shi a gindin mangwaro yana wanke babur ɗinsa, bai yi gardama ba. Ya ce ya daɗe da wani kuka a cikin kansa dare da rana, irin na gyare, kuma kunnen dama ma ya fara bin sahu.

"To tashi mu je asibiti."

"Asibitin da matar shugaban kulob take babbar nas? Ko so kike in maƙala na'ura a kunne kowa ya gani? Kak, ki rufa mini asiri."

A lokacin shi ne mai koyar da harbi a kulob ɗin garinmu, ni kuma ina da rumfar abinci a bakin filin tun rasuwar mijina. Dokar kulob ba ta da kwana-kwana. Wanda ke riƙe da madannin sakin faifan da ake harbi shi ne mai kula da lafiyar kowa a filin, dole ya ji in wani ya ce a tsaya. Wanda Shahrom ya gada, Cikgu Chong (Cikgu shi ne malam a wurinmu), a kan kunne aka sallame shi. An yi masa liyafa, an ba shi agogon bango, yanzu yana can shagon kofi yana ba yara labarin da ba su tambaya ba. Shahrom ya san ranar da kwamiti ya ji batun kunnensa, ranar za a karɓe madannin. Ni kuma da na goya shi na san in aka raba shi da filin nan babu abin da ya rage masa. Sai na rufa masa asirin, ina ta cin raina.

A gonar mahaifinmu kunnen ya fara lalacewa. Abah yana da lasisin bindiga mai baki biyu saboda jemagun da ke cinye mana 'ya'yan itacen rambutan da kuregen da ke huda na duriyan. Da idon Abah ya yi rauni, Shahrom na ɗan shekara goma sha biyu, bindigar ta koma kafaɗarsa a ɓoye. Da yamma jemagu kan taso daga tsauni, manya-manya, shi kuma yana tsaye a kan kunyar gona ko takalmi babu. Dokar Abah ɗaya ce: harsashi ɗaya, jemage ɗaya, in ka ɓarar ka ci shinkafarka ba kifi. Da wuya ya ci ba kifi, in ma ta faru nawa nake tura masa. Mak, mahaifiyarmu, ta taɓa cusa masa auduga a kunne, maza suka yi masa dariya har ƙofar masallaci, ya cire ya jefar.

Wani sufeton 'yan sanda da ya zo duba lasisi ya kama shi yana harbi. Mun ɗauka gidan yari ne ya same mu, Mak har ta fara kuka. Mutumin ya tsaya ya kalli jemagu biyu sun faɗo daga harbi biyu, ya ce wa Abah ya ba shi aron yaron ranar Asabar. Haka Shahrom ya fara ganin faifan yumɓu, ɗan faranti ruwan goro da inji ke cillawa sama, a harbe shi ya tarwatse. Ya dawo gida yana cewa ai wannan ya fi jemage sauƙi, tunda ba ya canza shawara a hanya.

Kafin ya cika ashirin yana tawagar ƙasa. Bangkok, Manila, har Italiya aka kai shi horo, ya dawo yana raina kofinmu. Ya ciyo lambar azurfa biyu da ta zinariya ɗaya a gasar ƙasashen yankinmu, Mak ta manna hotonsa na jarida a jikin kabad har takardar ta yi ja. A can an ba shi abin rufe kunne mai kyau, amma yana da wata dabara: yakan ɗan zame na hagu don ya ji motsin inji kafin faifai ya fito. Da ita ya riga mutane, kuma ita ta ƙarasa masa kunnen. Ya auri wata malamar makaranta, Hasnah, yarinyar kirki. Ta yi haƙuri iya haƙuri, sannan ta ce ta gaji da dafa abincin mutum biyu tana ci ita kaɗai, suka rabu ba faɗa, ba haihuwa. Da ya haura arba'in yara suka fara wuce shi. Ya dawo gida da akwatin lambobi da kafaɗa mai ciwo, kulob ya ɗauke shi koyarwa.

Filinmu tsohon wurin haƙar kuza ne, da ɗakunan inji biyu, dogo a hagu, gajere a dama. Mai harbi yakan tsaya da gindin bindiga a kwankwaso, ya yi kira, kuma ba shi da iznin ɗaga bindiga sai ya ga faifai ya fito. A manyan gasanni na'ura ce ke jin kiran, ita ke sakin faifan lokacin da ta ga dama, wani sa'in nan take, wani sa'in ta riƙe shi har daƙiƙa uku. Wannan jiran shi ne wahalar wasan. Tamu na'urar tsawa ta ƙona ta tun kafin Shahrom ya dawo, kwamiti na ta cewa za a gyara. Don haka mai koyarwa ke tsayawa a bayan ɗalibi da madanni a kan doguwar waya. Ya ji kira, ya jinkirta yadda ya ga dama, ya danna. Shahrom ya iya wannan mugunta sosai. Samari kan fito daga filin suna gumi suna tsine wa babban yatsansa. Su kuwa samarin nan kira suke kamar masu korar shanu, ko kurma ya ji su.

Sai Yen Ling ta zo. 'Yar Tauke Lau ce, wani attajiri mai kiwon kifi a tsofaffin ramukan kuza. Uban ya kawo ta ne don ta koyi korar tsuntsayen da ke cinye masa kifi, ba don wata gasa ba. Siririya, mai gilashi, in ta ce a ba ta shayi sai na ce ta maimaita, ni da kunnena ƙalau. A makon farko Shahrom ya zo rumfata ya zauna bai taɓa abincinsa ba.

"Kak, kin ga yarinyar nan? Idonta ya fi nawa a ƙuruciya."

"To ka ci abinci, ido ba ya gudu."

"Wallahi za ta wuce inda na tsaya."

Ban taɓa jin ya faɗi haka a kan kowa ba. Matsalar ɗaya ce, kiranta ɗan "hai" ne siriri, irin muryar da ta fara ɓace masa. Da farko ya ce ta ɗaga murya. Ta ɗaga na yini ɗaya ta koma yadda Allah ya yi ta. Ya sake faɗa, ya sake, har wata rana wani saurayi mai bakin tsiya ya ce, "Cikgu, mu fa har nan muna jin ta, ko kunnen ne ya tsufa?" Aka yi dariya, shi ma ya yi. Daga ranar bai ƙara ce mata ta ɗaga murya ba.

A gida yarinyar nan ta zama abin kallo. Faifai ashirin da biyar ake saki a zagaye, takan fasa ashirin da huɗu, wani lokaci duka. Mutane na barin shayinsu su je bakin igiya. Amma duk sanda aka kai ta gasa a Kuala Lumpur sai ta dawo kamar ba ita ba. Ta yi kira, ta ɗaga bindiga faifai bai fito ba, alƙali ya ba ta katin gargaɗi, ta rikice, ta ƙare da goma sha bakwai. Shekara biyu ana haka. Aka fara cewa ba ta da zuciya, a gida kawai take iya cika baki. Uwarta ta kai ta wurin bautarsu aka ƙona turare, aka ɗaura mata jan zare a hannu. Ni ma na dafa mata ganye don faɗuwar gaba. Tauke Lau kuwa ba mutumin wasa ba ne. Ya ce gwajin zaɓen tawagar ƙasa da ke tafe shi ne na ƙarshe. In ba a ɗauke ta ba, a sayar da bindiga, ta koma ofishinsa ta kama aiki.

Takan zauna a ƙarshen bencina bayan kowa ya tafi, tana juya cokali a kofi. Mak Cik take ce mini, wato goggo.

"Mak Cik, me ke damuna? Cikgu ya ba ni komai. Ni ce dai matsoraciya."

"Rufe mini baki. Matsoraciya ce ke riƙe wannan ƙatuwar bindiga? Ci shinkafarki."

Ina faɗa mata haka ne kawai, ni ma ban san dalili ba, kuma tausayinta na kama ni.

Wata Asabar ta zo da mura, wuya naɗe da mayafi. Ta shiga fili ta yi zagayenta, na ji harbi na tashi ɗaya bayan ɗaya, na ji tafi. Ta fito da gudu ta zo rumfata fuska na sheƙi. Ta buɗe baki, sai iska. Muryar ta tafi gaba ɗaya. Na sunkuya na kai kunnena bakinta.

"Mak Cik, kin ga Cikgu? Yau ko kira ɗaya ban iya yi ba. Ina buɗe baki babu sauti, amma faifai sai ya fito, daidai lokacin da nake so. Duk ashirin da biyar. Kamar yana cikin zuciyata."

Na ajiye ludayin da ke hannuna. Na ce mata madalla, na haɗa mata shayin citta, na sallame ta. Sannan na tsaya ina kallon ƙanena can a fili yana naɗe wayar madanni yana fito, shi da bai ma san yarinyar ba ta da murya ba.

Ban jira mun isa gida ba. Da filin ya watse na same shi a ɗakin ajiye faya-fayai, na tsaya ta damansa, na kira shi da sunansa na gida.

"Om, yau sau nawa ka ji kiran Yen Ling?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Duk na ji."

"Ƙarya kake. Ba ta yi ko ɗaya ba, mura ta toshe mata murya."

Ya zauna a kan kwali. Ya dubi hannunsa. Ya ce tun da ya daina jin ta, kafaɗunta yake kallo. Kafin ta yi kira takan ja numfashi, kafaɗu su ɗan tashi, shi kuma ya danna.

"To me ya hana ka jinkirta, yadda kake wa samari?"

"Da kunne ina iya jira, Kak. Da ido ba na iyawa. Tun ina yaro nake koya wa yatsan nan ya tafi da zarar ido ya ga motsi. Sai in ga na riga na danna."

"Shekara biyu, Om. Kullum faifai na zuwa mata a kan numfashi ɗaya. Ka koya wa hannunta tashi ba tare da ta jira ba, sannan ka aika ta gaban na'ura."

"Na ɗauka taro ne ke firgita ta."

"Ka ɗauka, ko ka so ka ɗauka?"

Na ce gobe ya kira ta ya gaya mata. Ya kama hannuna, abin da rabonsa da yi tun muna yara, ya ce in ba shi lokaci, zai gyara da kansa. Zai dinga ƙirga a zuci bayan ya ga kafaɗun, hannunta zai koyi jira, babu wanda zai sani. In ya gaya mata za ta gaya wa ubanta, uban kuma ɗan kwamiti ne. Na kira shi mai son kai, na kira shi abin da ya fi haka. Amma ƙanena ne, kuma na ga tsoro a idonsa. Na ce ya gwada.

Wannan gyaran nasa shi ya fi komai muni. Ya fara riƙe faifai, ita kuma ba ta san an canza komai ba. Ta yi kira, bindiga ta tashi, sama babu komai. Faifan ya fito bayan ta riga ta lalata tsayuwarta. Shi kuma don ya rufe kunyarsa sai ya hau ta da faɗa. Ina daga rumfa ina jin sa.

"Wa ya ce ki ɗaga? Kin ga faifai ne? Sauke. Sake."

Wani lokacin ta ja numfashi don gajiya kawai, ba ta yi kira ba, ya ƙirga ya danna, faifai ya wuce tana tsaye da bindiga a buɗe. Sai ya ce gwada ta yake. A cikin mako biyu yarinyar da ke fasa ashirin da huɗu ta koma goma sha biyar a filin gidansu, gaban mutanen da ke yi mata tafi. Ta daina cin abincina. Jan zaren hannunta ya koma yana zamewa har tsintsiya. A gida ni da Shahrom muka daina magana, ina ajiye masa abinci in bar wurin.

Ranar Lahadi da hantsi, rumfa cike, Datuk Mohan shugaban kulob na zaune da Tauke Lau suna shan kofi, sai ga Yen Ling ba rigar harbi, rungume da manyan lemu biyu irin na garin Tambun, waɗanda ake kai wa mutum tsaraba. Ta wuce kowa ta ajiye su gaban Shahrom. Ta tsaya ta haɗa hannu, ta sunkuyar da kai. Ina tsaye kusa, na ji duk abin da ta ce. Ta ce ta zo neman gafara ne. Ya ɓata shekara biyu a kanta, ya bar ɗaliban da suka fi ta zuciya, ita kuma ta kunyata shi. Ba za ta je gwajin ba, don kada ta ƙara zubar masa da suna. Uban ya kaɗa kai ya ce gara da ta gane da kanta.

Shahrom na kallon bakinta. Na san rabi ya tsinta, amma lemun da sunkuyon sun ishe shi. Ya juyo gare ni.

"Kak, haƙuri take ba ni?"

"Haƙuri take ba ka," na ce da ƙarfi. "Ta ce ita ce ba ta da zuciya."

Kowa a rumfa ya juyo yana kallonmu, don babu wanda ya gane me ya sa nake maimaita masa. Ya miƙe ya tafi fili. Na ɗauka gudu zai yi. Sai ga shi ya dawo da madannin, ya ciro shi da wayarsa, ya ajiye tsakanin kofunan kofi a gaban Datuk Mohan. Muryarsa ta fita da ƙarfi fiye da kima, yadda ta marasa ji ke fita.

"Datuk, ba na ji. Na hagu ya mutu, na dama saura kaɗan. Tun da yarinyar nan ta zo ban ji kiranta ba sai na makon farko. Kafaɗarta nake kallo in danna." Ya juya wurinta. "Yen Ling, zuciyarki ƙalau take. Ni na hana ki koyon jira. Duk abin da ya same ki a Kuala Lumpur yatsana ne."

Tauke Lau ya tashi har kujera ta faɗi, ya faɗi maganganun da ba zan maimaita ba. Datuk ya ja madannin gabansa ya ce kwamiti zai zauna. Yen Ling ta juyo wurin Shahrom. Ta cire gilashinta ta goge da gefen riga, ta mayar, ta dube shi tsawon lokaci, sannan ta fita. Lemun suka kwana a kan teburina.

Kwamiti ya zauna a makon, aka sallami Shahrom. Ba a yi masa liyafa ba. A ranar kuma, abin haushi, aka amince a gyara na'urar da tsawa ta ƙona. Uban ya kai Yen Ling Kuala Lumpur wurin wata mai koyarwa, saura wata guda da 'yan kwanaki a yi gwajin. Shahrom ya koma gona. Da safe sai in ga ya sa takalmin fili ya ɗauki makullin babur, ya tsaya a ƙofa, ya koma ya cire. Na kai shi asibiti a ƙarshe, likita ya ce za a yi masa na'ura, amma sai an jira, kuma kada ya sa rai da yawa.

Ranar gwaji ya ce zai je. Na ce babu wanda ya gayyace shi. Ya ce ko ni ban raka shi ba zai je. Muka hau jirgin ƙasa da asuba, muka zauna a can bayan 'yan kallo inda ba za ta gan mu ba. Mata biyu za a ɗauka.

Ta fito ta tsaya, gindin bindiga a kwankwaso. Na ga kafaɗunta sun tashi. A gefena na ga babban yatsan Shahrom ya danna gwiwarsa. Faifai bai fito ba. Ta tsaya cak, bindigar ba ta motsa ba. Sai da na ji numfashina ya ƙare sannan faifan ya fito, ta fasa shi. Haka aka yi ta yi. Kowane numfashi nata, yatsansa ya nutse a gwiwa, sannan ya zauna yana kallon tsawon jiran da ya hana ta. Har na ɗora hannuna a kan nasa, yana ta dannawa a ƙarƙashi. Mafi yawa ta jira. Amma da gajiya ta zo a zagayen ƙarshe, tsohon halin ya dawo. Sau biyu bindiga ta riga faifai, sau biyu ta ɓarar. Ta ƙare ta uku, faifai ɗaya tsakaninta da ta biyu.

Na ce mu tafi kafin a fito. Ya ƙi. Muka tsaya a bakin wurin ajiye motoci. Tauke Lau ya wuce mu ɗauke da akwatin bindigar kamar bai san mu ba, ya buɗe bayan mota ya saka. Ita kuwa ta tsaya. Ta gaishe ni da Mak Cik, sannan ta dubi Shahrom. Ba kuka take ba, da ma kukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta yi magana da wannan 'yar muryar tata, ta juya ta shiga mota.

Shahrom ya bi motar da ido har ta fita ƙofa, sannan ya juyo.

"Kak, me ta ce?"

Na so in ce ta gode. Wallahi har ya zo bakina. Amma ƙarya ce ta kawo mu wurin, kuma ni ma na gaji. Na zagaya ta damansa, na kai bakina kunnensa.

"Ta ce, Cikgu, da ka gaya mini tun farko, ai da na ɗaga murya."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya sake gyaɗawa. Ya ce in maimaita, na san ya ji, amma na maimaita. Sai ya nemi gefen kwalbati ya zauna, ni ma na zauna kusa da shi, har jirginmu na yamma ya wuce mu.